Daga Tsakiya Zuwa Zinariyar Dubai

Wani sabon yayi ya shigo mana nan Magajiya. Aure ya cika shekara biyar ko goma, sai ka ga maigida ya nufi Abuja neman sarƙa ko zobe mai dutse. Ranar ce baƙuwa, amma kyautar kam mun gaje ta. Iyayenmu ba su lissafa ranar ɗaurin aure, sai dai suna da nasu lokutan: lefe, kayan Sallah, goron haihuwa, tsarabar fatauci, sai kuma kayan faɗan kishiya, wanda ba kowace mace ke marmarin karɓa ba.

Lokacin da Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, zaman yaƙi ake yi, ƙofofi a tsare. Sai a zamanin Sarki Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, ciniki ya buɗe tsakaninmu da Bida da Zariya. Waɗannan hanyoyi biyu su ne hanyoyin kayan ado. Bida na da masaga, masu narka gilashi su yi mundaye da duwatsun wuya. Ta arewa kuwa kayan Kano ke gangarowa, Kano ita ma tana samun nata daga ayarin Larabawan Tarabulus da Gadamas. Murjani na cikin irin kayan nan. Shi ba a ƙasa ake haƙo shi ba, daga Bahar Rum ake tsamo shi, ya ƙetare Sahara a bayan raƙumi kafin ya hau wuyan amarya.

Tsakiya ce mai dogon labari. Wannan jan dutse mai sheƙi, garin Kambay na ƙasar Indiya ya yi ɗaruruwan shekaru yana feƙe shi yana hudawa, yana biyo ta Makka da Masar zuwa ƙasashenmu. A ƙarni na 19 sai masu sassaƙar dutse na garuruwan Idar da Obastain a Jamus suka samu ɗanyen dutsen daga Barazil, suka koyi rina shi, suka kwaikwayi fasalin na Indiya suka cika kasuwannin Afirka da shi. Wato tun zamanin kakannin kakanninmu ake gardamar na asali da na kwaikwayo. Akwai kuma lantana, wadda fataken Hausa ke ɗaukowa daga bakin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, su kai Ilori inda ake huda ta.

To me ya sa mace ke riƙe tsakiya kamar ranta? Ai ita ce bankinta. Abin da miji ya ba ta ya zama nata halak malak, ba ya shiga cikin dukiyarsa. In fari ya zo, ko aka yi saki, ko aurar da 'ya ya taso, sai ta kwance ƙwaya biyu ta miƙa wa dillaliya. Ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, kuma tana shiga ƙullin zane.

Zinariya ce ta ture ta, musamman daga shekarun 1970 da kuɗin mai suka yawaita, jirgin alhazai ya zama ruwan dare. A 1976 aka yanke shawarar gina sabon birnin tarayya a ƙasarmu, sunan Abuja ya koma can, mu muka zama Suleja. Daga baya Dubai ta karɓi kasuwar. Cikin wannan rububi tsofaffin duwatsu da yawa suka bar gidajenmu, masu sayen kayan da suka bi gida-gida suka kwashe su a kuɗin goro. Mu a ganinmu wannan asara ce, don da wuya wadda ta sayar ta san inda kayan suka dosa.

Abin dariya, dutse mai daraja na nan kusa da mu. Tun shekarun 1980 ake haƙo shuɗin yakutu a ƙasar Jama'a da ke kudancin Kaduna, ga zumurrudu a wajajen Nasarawa Eggon. Yawancinsa ɗanye ake fitar da shi zuwa Tailan da sauran ƙasashe, a gyara shi a can.

Saboda haka maigida, in ka shiga shago, tambayi abin da kakarka za ta tambaya: ran da za a sayar, nawa za a ba ta? Masu sayen zinariya a giram suke biya, kuma sukan cire nauyin dutsen kafin su yi lissafi, alhali kai ka biya shi ran saye. Yawancin farare masu ƙyalli da ke jikin sarƙoƙin nan gilashi ne ko dutsen masana'anta. A rubuta maka nauyin zinariyar daban a rasit. In kuwa tsakiya ka samu, ɗora ta a kumatu: dutse na da sanyi da nauyi, roba ba ta da ko ɗaya, kuma tsohuwa za ka ga zare ya cinye bakin hudarta.