Husain Abdullah: Taƙaitaccen tarihi

Husain Abdullah ya shafe kakar wasanni bakwai yana buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a gasar NFL, wadda ita ce gasar da ta fi kowacce farin jini da kawo kuɗi a ƙasar.

Sau biyu yana ajiye wannan sana'a don raɗin kansa: da farko domin ya sauke farali a Makka, daga baya kuma domin ya tsira da lafiyar ƙwaƙwalwarsa.

Tasowarsa

An haifi Husain ne a ranar 27 ga watan Yulin 1985 a birnin Los Angeles na jihar California, a gidan Musulmi baƙaƙen fata. Ya yi makarantar sakandare a garin Pomona, inda ya fara yin fice a wasan.

Wasan dai ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da aka saba gani a Afirka. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, amma da hannu ake ɗaukar ƙwallon ko a jefa ta, a yi ƙoƙarin kai ta ƙarshen filin abokan hamayya, abin da ke ba da maki 6.

Aikin masu tsaron baya shi ne su kayar da duk wanda ke riƙe da ƙwallon, ko su cafke ta a sama idan aka jefa. Husain na daga cikin waɗanda ke tsayawa can ƙurya, wato idan aka wuce su to sai dai a ƙirga maki.

Jami'a

A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasan da NFL ke ɗauka. A zamanin Husain ba a biyan ɗalibi albashi, sai dai a ɗauke masa kuɗin karatu da na masauki.

A shekarar 2003 ya shiga Jami'ar Jihar Washington da ke garin Pullman, inda ya tarar da wansa Hamza, wanda shi ma mai tsaron baya ne. Ya buga wa ƙungiyar jami'ar wasa daga 2004 zuwa 2007, ƙarƙashin mai horarwa Bill Doba.

Shekarun ba su yi wa ƙungiyar daɗi ba, domin babu kakar da wasannin da ta ci suka fi waɗanda aka cinye ta yawa.

A kowacce shekara ƙungiyoyin NFL 32 kan zaɓi ɗalibai sama da 250 a zagaye bakwai. An zaɓi Hamza a zagayen ƙarshe a 2005, amma da aka zo zaɓen 2008 babu ƙungiyar da ta kira sunan Husain.

Minnesota

Ƙungiyar Minnesota Vikings ce ta ba shi damar gwaji, ya kuma samu gurbi. Shekaru biyun farko ya yi su ne galibi cikin rukunin da ake sakawa lokacin da aka bugo ƙwallo da ƙafa, aikin da ke da yawan karo amma ba shi da suna.

A 2010 ne ya shiga sahun waɗanda ake fara wasa da su. A wannan shekarar azumin Ramadan ya faɗo ne a watan Agusta, daidai lokacin atisayen share fage, sa'ad da 'yan wasa ke fafutukar neman gurbi cikin zafin rana, sanye da hular kwano da sulke.

Husain bai ajiye azumi ba. Masana abinci na ƙungiyar ne suka tsara masa abin da zai ci da buɗa-baki da kuma sahur, labarin da jaridun Amurka suka yi ta yayatawa. A watan Agustan 2011 yana cikin waɗanda Shugaba Barack Obama ya gayyata shan ruwa a fadar White House.

Sai dai kakar 2011 ta yanke masa tun kafin a kammala ta, sakamakon buguwar da ya yi ta samu a ka.

Aikin Hajji

Da kwantiraginsa ya ƙare a 2012, shi da Hamza suka sanar cewa ba za su buga wasa a wannan shekarar ba, saboda aikin Hajji ya faɗo a watan Oktoba, tsakiyar kakar wasanni, kuma suna son su kai iyayensu.

Wannan ba ƙaramar kasada ba ce. A ƙiyasin ƙungiyar 'yan wasan NFL, matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara uku zuwa huɗu ba, ga kuma sababbin jini da jami'o'i ke fitarwa duk shekara.

Kafin tafiyar, 'yan uwan sun yi amfani da watan azumi wajen zagaya masallatai 30 cikin kwana 30 a sassan Amurka, suna ganawa da matasa.

Bayan sun dawo, Hamza bai sake buga wasa a NFL ba. Shi kuwa Husain, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a farkon 2013.

Sujada

A watan Janairun 2014, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Indianapolis Colts, sau biyu yana cafke ƙwallon da Andrew Luck ya jefa, kodayake an fitar da ƙungiyarsa da ci 45 da 44.

Amma abin da ya sa sunansa ya zagaya duniya ya faru ne a daren 29 ga watan Satumban 2014. Ya cafke ƙwallon da Tom Brady na New England Patriots ya jefa, ya ruga da ita yadi 39 har ƙarshen fili, ya zame a kan gwiwoyinsa, sannan ya yi sujada.

Alƙalan wasa suka hukunta ƙungiyarsa da yadi 15, bisa dokar da ta hana faɗuwa ƙasa wajen murnar cin maki.

Nan take aka shiga ce-ce-ku-ce. Jama'a da dama, ciki har da ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka ta CAIR, sun nemi bayani, ganin cewa 'yan wasa Kirista irin su Tim Tebow sun sha durƙusawa su yi addu'a ba tare da an hukunta su ba.

Washegari hukumar NFL ta amsa cewa an yi kuskure, domin dokar ba ta shafi wanda ya kai ƙasa don ibada ba. Shi kansa Husain bai zafafa ba, inda ya ce a ganinsa zamewar da ya yi ce ta jawo hukuncin.

Ritaya

A kakar 2015 ya sake samun buguwar ƙwaƙwalwa, karo na biyar ke nan tun shigarsa NFL.

A lokacin batun ya riga ya zama ruwan dare a Amurka. Tun a 2005 wani likita ɗan asalin Nijeriya, Dokta Bennet Omalu, ya wallafa binciken da ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a gawar wani tsohon ɗan wasa. Cutar kan zo da mantuwa da ƙuncin rai da sauyin hali, shekaru bayan an daina wasa.

NFL ta daɗe tana musanta binciken, kafin wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin ƙasar, a watan Maris na 2016, cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

Makonni biyu bayan haka, a ranar 28 ga watan, Husain Abdullah ya sanar da yin ritaya yana da shekara 30. Ya ce akwai abubuwan da yake son cimmawa bayan wasa, kuma ba za su yiwu ba sai da cikakken hankali.