Gurɓacewar iska a cikin jirgin sama: Musabbabinta da yadda ake tunkararta

Jirgin fasinja kan yi tafiya a nisan ƙafa 35,000 ko fiye daga ƙasa, inda iska ta yi ƙaranci har mutum ba zai wuce minti ɗaya cikin hayyacinsa ba. Don haka iskar da fasinja ke shaƙa na'urorin jirgi ne ke tanadar ta. Matsalar da kan same ta iri uku ce: zubewar matsin iska, warin mai, da hayaƙin gobara. Kowacce da maganinta daban.

Daga ina iskar take zuwa?

A yawancin jirage, ana tsakuro iskar waje ne daga sashen inji da ke matse iska kafin ta kai wurin ƙona mai, sannan a sanyaya ta a tura cikin jirgi. Kusan rabin abin da ake shaƙa sabuwar iska ce, sauran kuwa ta ciki ce da aka sake tacewa da matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Iskar jirgin gaba ɗaya takan sauya cikin minti biyu zuwa uku. Boeing 787, wanda ya fara jigila a 2011, ya bambanta, domin shi da lantarki yake matse iskarsa, ba ta bi ta inji.

Ko da komai na tafiya daidai, ana riƙe matsin iskar ciki ne kamar na saman dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, ga kuma bushewa irin ta hunturu. Mai lafiya bai cika jin komai ba sai ƙishirwa, amma masu sikila, asma ko ciwon zuciya ya kamata su nemi shawarar likita kafin doguwar tafiya.

Zubewar matsin iska

Idan iska ta tsiyaye har yanayin ciki ya kai na ƙafa 14,000, takunkumin oksijin kan faɗo da kansa daga saman kujera. Sai fasinja ya jawo shi da ƙarfi kafin ya fara aiki, kuma ya sa nasa kafin ya sa wa yaro. Oksijin ɗin kan ɗauki minti 12 ko ɗan fiye, wanda ya isa matuƙa su sauko da jirgi zuwa ƙafa 10,000, inda ake numfashi ba tare da taimako ba.

Haɗarin shi ne ƙarancin oksijin yakan gusar da hankali ba tare da mutum ya ankara ba. A ranar 14 ga Agusta, 2005, jirgin Helios Airways ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Larnaka ba a mayar da makunnin matsin iska wurin da zai yi aiki da kansa ba. Matuƙan suka suma, jirgin ya faɗi kusa da Atina a ƙasar Girka, mutum 121 suka rasu.

Warin mai

Idan abin da ke tare man inji ya sami rauni, man kan ɗiga cikin iska mai zafi, ya shigo jirgi. Alamarsa wari ne kamar na safa mai datti, wani lokaci da ɗan hazo. Yakan jawo ciwon kai, jiri, tashin zuciya da raɗaɗin ido. Matuƙa kan fara sa nasu takunkumin, sannan su rufe hanyar iskar injin da suke zargi, su kuma karkata zuwa filin jirgi mafi kusa idan warin bai gushe ba. A 2015 Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta fitar da jagora kan horar da ma'aikata da kai rahoton irin wannan. Masana na ci gaba da muhawara kan illarsa ta dogon lokaci ga ma'aikatan da ke yawan shaƙarsa.

Warin kananzir da akan ji kafin tashi yawanci hayaƙin inji ne daga waje, kuma yakan wuce da zarar jirgi ya ɗaga.

Hayaƙi

Wannan ne mafi gaggawa. A nan ba a sakar wa fasinjoji takunkumin oksijin, saboda yana gauraya da iskar cikin jirgi, ba ya tare hayaƙi, oksijin kuma na ƙara wa wuta ƙarfi. Abin da ake yi shi ne a sunkuya ƙasa, a rufe hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, ma'aikata kuma su sa hular hayaƙi su nemo tushen wutar.

Gobarar da ta tashi a wajen banɗakin jirgin Air Canada a ranar 2 ga Yuni, 1983, ta kashe fasinja 23 duk da jirgin ya sauka a Cincinnati. Bayanta ne aka wajabta na'urar gano hayaƙi a banɗakunan jirage. A Disamba 2024 ma wani jirgin Swiss ya yi saukar gaggawa a birnin Graz na Ostiriya bayan hayaƙi ya cika shi, ma'aikaci ɗaya kuma ya rasu a asibiti daga baya.

Abin da ya rataya kan fasinja

Sau da yawa fasinja ne ke fara jin wari. Ya danna ƙararrawar kiran ma'aikata nan take, ya faɗi irin warin, daga inda yake fitowa da lokacin da ya fara. 'Yan kasuwa su sani cewa batiran litiyom da ba sa cikin na'ura da fawa-bank a jakar hannu ake riƙe su, domin a ga hayaƙinsu da wuri. Wanda ya ci gaba da jin jiri ko ƙuncin numfashi bayan sauka ya ga likita a ranar, ya ajiye lambar jirgi da ta kujera, ya rubuta wa kamfanin. A Najeriya ana iya kai ƙorafin ga hukumar NCAA.