Jirgin da ba shi da jela: ina gaskiyar jemagen Hitler?

Duk wanda ya kalli fim ɗin Raiders of the Lost Ark na 1981 zai tuna wurin da Indiana Jones yake dambe da wani ƙaton bakanike mai sanƙo a gindin wani jirgin sama na 'yan Nazi. Jirgin yana juyawa a hankali, farfela tana kaɗawa, mai yana tsiyaya a ƙasa, har dai farfelar ta yi wa ƙaton nan abin da ta yi. Ni dai tun ranar da na fara ganinsa a kaset ɗin bidiyo, ba damben ne ya tsaya mini a rai ba, jirgin ne. Ba gangar jiki, ba jela, fiffike ne zalla kamar jemage ya baje. Shin Jamusawa sun taɓa mallakar irinsa, ko kuwa ƙirƙirar masu fim ce?

Amsar farko mai sauƙi ce. Wancan jirgin bai taɓa tashi ba. Don fim ɗin Steven Spielberg aka zana shi, aka haɗa shi a Ingila, aka kai shi Tunisiya inda aka ɗauki wasan. Labarin kuma a 1936 aka ɗora shi, lokacin da rundunar sojan saman Jamus ba ta da wani abu mai kama da shi a bakin aiki. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Siffar tana da asali, kuma asalin yana komawa ga wasu 'yan'uwa biyu, Walter da Reimar Horten.

Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta hana Jamus mallakar jiragen yaƙi, sai samarinta suka koma wa jirage marasa inji, waɗanda iska ke ɗauka. A gidan iyayensu da ke Bon 'yan'uwan suka haɗa nasu na farko a 1933, Reimar ko shekara ashirin bai cika ba. Tunaninsu shi ne, jela da gangar jiki nauyi ne kuma suna tare iska. Fiffike kaɗai ke ɗaga jirgi, don haka a bar fiffike kaɗai. A 1943 Hermann Göring, shugaban rundunar sojan saman Jamus, ya nemi jirgin da zai ɗauki bam mai kilo 1,000, ya kai shi nisan kilomita 1,000, da gudun kilomita 1,000 a awa. Abin da 'yan'uwan suka miƙa masa shi ne wanda daga baya aka sani da Ho 229.

Uku aka fara haɗawa. Na farkon ba inji, ya tashi a Maris 1944. Na biyun yana da injin jet biyu ƙirar Jumo 004, injin da da ƙyar yake cika awa 25 yana aiki kafin a sauke shi. Ranar 18 ga Fabrairun 1945, a Oraniyanbag, inji ɗaya ya mutu a sama, jirgin ya rikito, matuƙinsa Erwin Ziller ya rasa ransa. Na ukun ba a gama shi ba sojojin Amurka suka tarar da shi a wata ma'aikata a Afrilun 1945, suka yi gaba da shi. Iyakar tarihin tashinsa ke nan. Bai taɓa harba harsashi ko ɗaya a fagen daga ba.

Daga ina kuma aka samo zancen cewa shi ne jirgin farko mai layar zana, wanda na'urar rada ba ta gani? Daga bakin Reimar kansa. A littafin da ya fitar a 1983, bayan ya daɗe da komawa Ajantina, ya ce dabararsu ita ce a cuɗa garin gawayi cikin gam ɗin da ke manne katakon jikin jirgin, don ya shanye siginar rada. A lura da lokacin: ya faɗi haka ne bayan duniya ta fara jin cewa Amurka na ƙera jiragen da ke ɓacewa daga rada. Zancen ya yi daɗin ji, ya bazu.

An gwada shi sau biyu. A 2008 injiniyoyin kamfanin Northrop Grumman suka sassaƙa kwatankwacin jirgin da girmansa, suka ɗora shi a kan dogon turke, suka haska shi da irin siginar radar da Ingila ta yi amfani da ita lokacin yaƙi. Nisan da za a hango shi ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da jirgin yaƙi na yau da kullum. Ragi ne, amma ba ɓacewa ba ce, kuma siffar fiffiken ce ta jawo shi. Daga baya masu kula da kayan tarihi na cibiyar Smithsonian ta Amurka suka ɗebi ɓarɓashi daga jikin ainihin jirgin suka duba a ɗakin gwaji. Sun ga baƙaƙen ɗigo a cikin gam ɗin, sai dai bincike ya fi nuna tsohon katako ne da ya lalace. Ba su sami hujjar an zuba gawayi da gangan ba.

Duk da haka masu fim ba su saki jemagen ba. A Captain America: The First Avenger na 2011, mugun fim ɗin ya hau wani makeken jirgi mai fiffike zalla ya nufi Amurka da bama-bamai. Ya yi kama da H.XVIII, jirgin da 'yan'uwan suka zana don tsallaka Tekun Atilantika, wanda bai wuce takarda ba. Wannan ne ke damuna. Yaro ya kalli fim, ya tashi da imanin cewa 'yan Nazi sun fi kowa ilimi, saura ƙiris su ci duniya. Har ana cewa daga wurinsu Amurka ta kwaikwayi jirginta B-2. Alhali jirgin Ba'amurke Jack Northrop mai fiffike zalla, N-1M, ya tashi tun 1940, kuma YB-49 ɗinsa na 1947 faɗin fiffikensa ɗaya da na B-2 da ya tashi a 1989.

'Yan'uwan nan gwanaye ne, ba mai ƙwace musu wannan. Amma abin da suka bari ƙarfen bututu ne da aka lulluɓe da falankin katako, wanda aka haɗa cikin gaggawa a ƙasar da yaƙi ya riga ya cinye. Yana nan a cibiyar Udvar-Hazy ta Smithsonian a jihar Bajiniya, katakonsa ya dafe, kuma shi kaɗai ne Ho 229 da ya rage a duniya.