Tarihin Rubuta Direban ADC a Kenal ɗin Linux

Aikin na'urar ADC shi ne ta auna ƙarfin lantarkin da ke kan waya a wani ɗan lokaci, ta mayar da shi lamba. Zafi da sauti da cajin batir suna hawa da sauka ne a hankali, babu tsani babu mataki, ita kuwa kwamfuta ƙidaya kawai ta sani. ADC ce tafinta a tsakaninsu. Direba kuma shi ne ɗan rubutun da ke cikin kenal, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda ya san yadda ake yi wa wannan tafinta magana.

Na'urar ta girmi direbanta da shekaru masu yawa. A 1938 wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, ya yi rajistar dabarar mayar da murya lambobi a Faransa. A 1943 kamfanin Bell Labs ya yi aiki da irin wannan tunani a SIGSALY, tsarin wayar sirri da ya haɗa Landan da Washinton a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kayansa suka cika ɗaki guda. A 1954 Bernard Gordon ya fitar da wata ADC mai suna DATRAC a kamfanin Epsco: bit 11, awo 50,000 a daƙiƙa, tana cin wat 500 na wuta. Zuwa 1978 kamfanin Analog Devices ya kawo AD574 mai bit 12, wadda ake iya ɗauka da yatsu biyu. Abin da a da sai an yi masa akwati ya koma aisi, kamar yadda masu gyaran waya ke kiransa.

A ɓangaren manhaja, Unix ce ta kafa al'adar da ake bi har yau. Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka fara ta a Bell Labs a 1969, sun sa kowace na'ura ta bayyana kamar fayil: a buɗe, a karanta, a rufe. Linux, da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ta gaji wannan. Sai dai al'adar ta faɗi yadda za a buɗe ƙofa ne kawai, ta yi shiru kan abin da za a tarar a ciki. Don haka shekaru da dama duk wanda ya sayi ADC yakan rubuta direbansa yadda ya ga dama. Wannan ya ba da lamba tsura, wancan ya ba da milibolt, na uku ya ƙirƙiro umarnin da shi kaɗai ya sani. Kasuwa ce da kowane ɗan tebur yake da mudunsa, manhajar da aka rubuta wa aisi ɗaya ba ta aiki da ta gaba, kuma yawancin direbobin suna mutuwa tare da allon da aka yi su dominsa.

An yi ƙoƙarin tsara abin tun da wuri, kowa ta fuskar buƙatarsa. Sashen hwmon, wanda ya tsiro daga aikin lm-sensors, yana lura da zafin kwamfuta da gudun fankarta, awon da ba ya buƙatar sauri. Sashen shigar da bayanai na madannai ne da linzami da allon taɓawa. Comedi, da David Schleef ya fara, ta kula da katunan awo na ɗakunan bincike. Aisin da ke awo dubbai a daƙiƙa a kan layin SPI na Motorola ko I2C na Philips ba ta da masauki a ko ɗaya.

Jonathan Cameron ne ya cike wannan giɓi da tsarin IIO. Ya shiga kenal 2.6.32 a ƙarshen 2009 ta sashen gwaji da Greg Kroah-Hartman ya buɗe, wani zaure da ake ajiye rubutun da bai nuna ba har ya gyaru. Ginshiƙin tsarin ya bar zauren a kenal 3.5 a 2012. Comedi, da ta shiga zauren a 2009 ita ma, sai 2021 ta fita. Injiniyoyin Analog Devices sun zuba direbobi masu yawa a IIO tun yana zaure, abin da ya ba shi ƙarfi.

Babbar nasarar IIO ita ce mudu ɗaya da ya kafa wa kowa, kuma aiki ne da ya fi rubuta lambobi wuya, domin sai an shawo kan mutane. Kowace tashar awo tana da fayil mai suna irin in_voltage0_raw, wanda ke ba da lambar da aisi ta faɗa ba ƙari ba ragi, da kuma in_voltage_scale, wanda idan aka ninka shi da ita ake samun milibolt. A ɗauki MCP3008 ta Microchip, mai tashoshi 8 da bit 10, wadda masu Raspberry Pi ke yawan saya saboda allon nasu bai zo da mashigar awo ba. Direba yana aika mata lambar tasha ta SPI, ita kuma ta mayar da adadi tsakanin 0 da 1023. Idan ma'auninta bolt 3.3 ne, kowane mataki milibolt 3.22 ne da 'yan kai, 512 kuma na nufin milibolt 1650. Da yake ana guje wa lissafin ɗigo a cikin kenal, direban yakan miƙa 3300 da 10 kawai, tsarin ya raba na farko da 1024, wato yawan matakan bit 10, ya rubuta amsa.

Ga awo mai sauri, karanta fayil sau ɗaya-ɗaya ba ya isa. IIO ya tanadi rumbun tara awo da kunamar da ke tayar da ɗaukarsa. Kunamar na iya zama agogon kenal, ko kuma wayar da aisi ke girgizawa idan awo ya kammala. Duk sa'ad da aka ɗana ta, direba ya kwashe tashoshin da aka zaɓa ya zuba a rumbu, tare da hatimin lokaci idan an nema. Manhaja sai ta ɗiba daga /dev/iio:device0. Hatimin lokacin nan ba ado ba ne: awon da ba a san lokacin ɗaukarsa ba bai da amfani ga mai bin diddigin girgizar inji.

Wani sauyin kuma ya zo ne a 2011, bayan Torvalds ya nuna fushinsa kan tulin fayilolin allunan ARM da ke cika kenal. Aka rungumi bishiyar na'urori, dabarar da PowerPC ta daɗe tana amfani da ita. Bayanin layin da aisi take da wutar da ke ba ta ma'auni ya fita daga direba ya koma fayil na daban, direba ɗaya ya wadatar da alluna barkatai. Abin da ya rage wa marubuci shi ne jera tashoshi, rubuta aikin karantawa, sa kulle don kada masu karatu biyu su yi karo a kan layi, da zama da takardar bayanan aisi shafi-shafi, inda jinkirin 'yan mikrodaƙiƙa da aka tsallake kan ɓata awo gaba ɗaya. Sauran sassan kenal ma yanzu suna aron tashoshin IIO: direban batir yana karanta cajinsa ta nan, akwai kuma gadar iio-hwmon da ke miƙa wa hwmon awon da aisin IIO ta ɗauka.