Lasisi ɗaya, jirage daban-daban: Abin da doka ta ce kan ƙarin horo ga matuƙan ƙananan jirage

Lasisin tuƙin jirgin sama ba ya bai wa mai shi izinin hawa duk jirgin da ya ga dama. Matashin da ya tashi daga Danchadi ko Shagari a Jihar Sakkwato ya tafi Zariya koyon tuƙi, zai dawo da takardar da ta fayyace rukunin jiragen da aka amince masa. A cikin rukunin ma, akwai jiragen da ba zai taɓa ba sai ya ƙara horo.

A Najeriya, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ita ke bayar da lasisin, bisa kashi na biyu na dokokinta. Dokokin sun ginu a kan ƙa'idojin ICAO, hukumar duniya da ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944. Bisa waɗannan ƙa'idoji, mai neman lasisin tuƙi na ƙashin kai sai ya cika shekara 17 da aƙalla awa 40 a sama. Mai neman na kasuwanci kuwa sai ya cika shekara 18 da awa 200, ko 150 idan ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita.

An kasa ƙananan jirage zuwa masu inji ɗaya da masu inji fiye da ɗaya, kowanne kuma akwai mai sauka a ƙasa da mai sauka a ruwa. Sai dai jirage biyu na iya zama a rukuni guda amma tuƙinsu ya sha bamban.

Jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sun isa misali. Ta daɗe tana koyarwa da TB-9 da TB-20, ƙirar Faransa, dukkansu masu inji ɗaya. Ƙafafun TB-9 a kafe suke, ƙarfin injinsa doki 160. Na TB-20 kuwa naɗe su ake yi bayan tashi, ana sauya kusurwar farfelarsa, ƙarfinsa doki 250. Wanda ya saba da na farko yana iya manta sauke ƙafafun na biyu, ya dire da cikin jirgin a kan kwalta.

Daga baya kwalejin ta shigo da Diamond DA40 da DA42, ƙirar Ostiriya, masu shan man manyan jirage maimakon fetur ɗin ƙananan jirage mai tsada da wuyar samu. Kwamfuta ce ke daidaita injinsu, allon talabijin kuma ya maye gurbin agogunan da tsofaffin matuƙa suka saba karantawa.

Dokar Tarayyar Turai ta raba ƙarin horon gida biyu. Idan bambancin ƙarami ne, karatun littafin jirgin ya wadatar. Idan babba ne, dole a yi darasi da malami a jirgin ko a na'urar kwaikwayo, ya sa hannu a kundin tafiye-tafiyen matuƙin. Cikin manyan bambance-bambancen akwai ƙafafu masu naɗewa, farfela mai sauya kusurwa, inji mai turbo, ɗaki mai matsattsiyar iska, tayar wutsiya, allon lantarki da sarrafa inji da hannu guda.

Amurka tana neman sa hannun malami kafin a tuƙa jirgin da ƙarfinsa ya haura doki 200, ko mai tayar wutsiya, ko mai matsattsiyar iska da ke iya wuce ƙafa 25,000. Jirgin da aka ƙera don matuƙa biyu kuwa, ICAO ta wajabta masa shaida ta musamman a jikin lasisin.

Najeriya ta ga illar tsallake wannan mataki. A ranar 25 ga Oktoba, 2012, jirgi ƙirar Cessna 208 da Gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, ke tuƙawa daga Jalingo ya faɗi kusa da Yola. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya nuna cewa yana da lasisin ƙashin kai, amma ba shi da shaidar cancantar tuƙa irin wannan jirgi, kuma an yi tafiyar dogaro da gani da ido bayan faɗuwar rana. Ya sha jinya har ya rasu a 2017.

Yanayin Arewa yana ƙara wa batun nauyi. A bazara zafin Sakkwato kan haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Yadda wannan ke shafar kowane jirgi yana cikin littafinsa, kuma lissafin wani ba ya aiki a kan wani. Da hunturu kuma hazo kan rufe filin jirgin Sultan Abubakar III, a lokacin da matuƙi ba shi da sararin laluben maɓalli a jirgin da bai sani ba.

Saboda haka, kafin matuƙi ya sauya jirgi, wajibi ne ya duba abin da aka rubuta a lasisinsa da kundinsa, ya karanta littafin sabon jirgin, sannan ya nemi malami mai izinin koyar da shi. Mai ɗaukar hayar ƙaramin jirgi ma yana da haƙƙin tambayar wannan shaida kafin ya shiga.