Kuɗin Abacha: yadda shari'a ta bi sawunsu har Suwizalan

1/ Duk bayan 'yan shekaru sai a ce an dawo da kuɗin Abacha, matasa su hau tsokana: "Baba ya sake turo alat." To kuɗin nan ba da ƙafarsu suke tahowa ba, shari'a ce ta fiye da shekara 20. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Daga majalisun Utai har na cikin birni, za ka ji masu cewa ajiya ya yi wa ƙasa saboda takunkumin Turawa. Ni dai abin da na sani, ajiyar ƙasa da sunan Babban Banki ake yin ta. Waɗannan asusun kuwa da sunan 'ya'ya, aminai da kamfanonin bogi aka buɗe su.

3/ Janar Sani Abacha ya yi mulki daga 17 ga Nuwamba 1993 zuwa rasuwarsa ranar 8 ga Yuni 1998. Babbar hanyar fitar da kuɗin: mai ba shi shawara kan tsaro, Isma'ila Gwarzo, ya rubuto takarda cewa ana buƙatar kuɗi don tsaron ƙasa, shugaba ya sa hannu, Babban Banki ya fitar, sau da yawa tsaba. Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta ce sama da dala biliyan 2 ta fita ta nan.

4/ In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2001 hukumar sa ido kan bankunan Ingila ta gano dala biliyan 1.3 ta ratsa ta asusu 42 a bankuna 23 na ƙasar. Masu kwat da nakitai suka karɓa, suka ƙi tambayar daga ina.

5/ Gwamnatin Abdulsalami ta ƙwato ɗaruruwan miliyoyin daloli a gida, ta yi dokar soja mai lamba 53 ta 1999. Amma dokar soja iyakarta boda. Sai Obasanjo ya ɗauki wani lauyan Janeba, Enrico Monfrini, a 1999.

6/ Nan ne wajen da nake so ku kula. Yadda aka saba, ƙasa takan rubuta wa ƙasa tana neman taimakon shari'a, a ce mata je ki kawo hukuncin kotunki tukuna. Ga kotunanmu kuwa, kun san ɗage zama. Monfrini bai tsaya nan ba. Ya shigar da ƙarar laifi a Janeba kanta, cewa mutanen nan ƙungiyar masu laifi ce, Najeriya kuma ita aka cuta.

7/ Da Najeriya ta shiga shari'ar a matsayin wadda aka cuta, sai ta samu damar ganin takardun banki. Takarda ta nuna takarda, sawu ya kai su Lukzambur, Liktanstain, Landan da tsibirin Jasi.

8/ A Fabrairun 2005 kotun ƙolin Suwizalan ta yarda da wannan fassara. Ma'anarta: an juya nauyin hujja. Ba Najeriya ce za ta tabbatar da kowace dala ta sata ce ba, mai asusun ne zai nuna inda ya samo halak ɗinsa. Ba su iya ba. Aka saki dala miliyan 458 ba tare da jiran hukuncin wata kotun gida ba.

9/ A daidai shekarun ne aka yi yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da rashawa, 2003, ta fara aiki 2005. Babi na 5 kacokan kan mayar da dukiyar sata ne ga ƙasar da aka sace wa.

10/ Sai abin kunyar. Kuɗin 2005 baitulmali aka zuba su, aka ce an yi ayyuka. Da Bankin Duniya da ƙungiyoyin farar hula suka bi sawu, wasu ayyukan an yi watsi da su, wasu tun kafin kuɗin su iso aka gama su. Shi ya sa daga baya masu mayarwa suka fara gindaya sharaɗi. Akwai zafi a ce kuɗinka ne kuma sai an sa maka mai gadi, amma wa ya ja?

11/ Disambar 2017: Suwizalan ta amince da sakin dala miliyan 321, da sharaɗin a raba wa talakawa, naira 5,000 a wata, Bankin Duniya na sa ido. (Buhari ne ya karɓa fa, shi da a 2008 ya ce zargin satar ba shi da tushe.)

12/ A 2020 Amurka da Jasi suka saki dala miliyan 311, aka rubuta ayyuka uku: gadar Neja ta biyu, titin Legas zuwa Ibadan, da titin Abuja–Kaduna–Zariya–Kano. Tirelar da ta lodo shanu daga karar Wudil ranar Juma'a, in ta hau titin Zariya, a kan wani ɓangare na kuɗin nan take tafiya.

13/ Gadar Neja an buɗe ta a 2023. Namu titin kuwa, Kano zuwa Zariya ya yi kyau, amma ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ya ja har gwamnati ta soke kwangilar Julius Berger a ƙarshen 2024.