Wa Ke Riƙe Da Akala? Tarihin Zaman Kwamfuta Da Shugabannin Ma'aikatu



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi lacca a kan kwamfuta. Uzurina shi ne, abin da zan kawo tarihin mutane ne da yadda suke yanke shawara, kuma rabin rigimar da ke cikinsa ta harshe ce. Masu na'ura suna magana da nasu yaren, masu riƙe da ragamar ma'aikata suna magana da nasu, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya fahimce shi. Masana ilmin gudanarwa sun shafe fiye da shekara 40 suna bincike a kan wannan matsala, watau yadda za a sami jituwa tsakanin shirin da ma'aikata ta yi wa na'urorinta da ainihin manufar da aka kafa ta dominta. Idan muka ɗauki kwamfuta a matsayin raƙumi, tambayar ita ce, a hannun wa akala take?

Daga Gidan Shayi Aka Fara

Kamfanin da ya fara sa kwamfuta aikin ofis na yau da kullum a duniya kamfanin shayi da burodi ne na ƙasar Ingila, mai suna J. Lyons. Yana da gidajen shan shayi wajen 200, da gidajen gasa burodi, da dubban ma'aikata. Ribar kofin shayi guda ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka ɗan kuskure a lissafi yana iya cinye ta. Tun cikin 1923 kamfanin ya ɗauki John Simmons, wanda ya karanci lissafi a Jami'ar Kambirij, ya ɗora shi a kan duba yadda takardu ke yawo tsakanin akawuna, domin a rage wahalar da ba ta da amfani.

A cikin 1947 aka aiki mutum biyu, Oliver Standingford da Raymond Thompson, zuwa Amurka su ga sababbin hanyoyin aikin ofis. A can ne suka ji labarin cewa a gida ma Maurice Wilkes yana harhaɗa wata na'ura a Kambirij mai suna EDSAC. Kamfanin ya ba shi gudummawar fam 3,000 da aron ma'aikaci guda, sa'an nan ya gina tasa na'urar bisa wannan fasali, ya sa mata suna LEO. A watan Nuwamba na 1951 ta soma lissafin kuɗin abin da gidajen burodi suka gasa kowane mako, a 1954 kuma ta karɓi lissafin albashi. Aikin da kan ci wa akawu minti 8 a kan ma'aikaci ɗaya sai ta gama shi cikin ƙasa da daƙiƙa 2.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Lyons sun san aikinsu ciki da waje kafin na'urar ta zo. David Caminer da abokan aikinsa ba su yarda su ɗora wa LEO wani aiki ba sai sun zauna da masu yinsa, sun gyara shi tukuna. Alal misali, kowace rana matan da ke shugabancin gidajen shayi sukan buga waya su faɗi abin da suke so a ƙara ko a rage cikin kayan gobe, na'urar kuma ta fitar da takardun gashi da na lodi kafin gari ya waye. Bukatar ciniki ita ke gaba, na'ura tana biye.

Haka ya faru a Amurka. A 1953 shugaban kamfanin jiragen sama na American Airlines, C. R. Smith, ya zauna kusa da wani jami'in tallan IBM cikin jirgi, suka yi hirar wahalar tanadar wa fasinja kujera da kati da alƙalami. Daga wannan hira aka haifi SABRE, wanda ya kankama sosai a 1964, aka kuma shigar da shi ofisoshin dillalan tikiti a 1976. A nan ma shugaban kamfani ne da kansa ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi.

Yadda Aka Raba Gari

Waɗannan misalai biyu ba su zama ruwan dare ba. A yawancin kamfanoni da ma'aikatu na shekarun 1960 da 1970, an ajiye kwamfuta cikin wani ɗaki mai sanyi, a ƙarƙashin babban akanta, domin aikinta na farko lissafin kuɗi ne. Masu kula da ita suka zama tamkar wata ƙabila dabam. Shugabanni suna sa hannu a kan kuɗi mai yawa ba tare da sun san abin da suka saya ba, injiniyoyi kuma suna gina abin da ya burge su ba tare da sun san inda ma'aikatar ta dosa ba. Takardu suka yi ta fitowa tuli, amma wanda zai yanke shawara bai sami abin da yake nema a ciki ba.

Wannan ne ya sa John Rockart na cibiyar MIT ya ba da shawara a 1979 cewa a juya tambayar. Shugaba ne zai fara lissafa 'yan abubuwan da in sun tafi daidai ma'aikatarsa ta yi nasara, daga nan a tsara bayanan da zai riƙa samu. A 1981 kuma William Synnott da William Gruber suka yayata sabon muƙami, na babban jami'in bayanai, wanda zai zauna a majalisar manya a yi shawara da shi tun daga tushe. Gwamnatin Amurka ta mai da wannan muƙami doka ga manyan hukumominta a 1996.

Duk da haka shakka ba ta gushe ba. A 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow, wanda ya sami lambar Nobel a wannan shekara, ya yi wata magana da ta zama karin magana a wannan fage. Ma'anarta ita ce, ana ganin kwamfuta ko'ina, amma ba a ganin alamarta cikin alƙaluman yawan abin da ma'aikaci ke samarwa. Amsar da Erik Brynjolfsson da Lorin Hitt suka bayar cikin shekarun 1990, bayan sun bi diddigin ɗaruruwan kamfanoni, ita ce riba tana zuwa, amma ta fi zuwa ga waɗanda suka sake tsarin aiki, suka horar da ma'aikata, suka ba na ƙasa ikon yanke shawara, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana.

Ginshiƙai Huɗu

Aikin da ya fi tasiri a wannan fanni shi ne na John Henderson da N. Venkatraman, wanda ya fito a mujallar kamfanin IBM a 1993. Sun ce kowace ma'aikata tana tsaye ne a kan ginshiƙai huɗu: manufar kasuwancinta, da tsarin ofisoshinta da hanyoyin aikinta, da manufarta game da fasahar bayanai, da kuma na'urorin kansu tare da masu sarrafa su. Dole manufa ta dace da tsarin da zai aiwatar da ita, kuma dole ɓangaren fasaha ya dace da ɓangaren kasuwanci. In aka taɓa ginshiƙi ɗaya, sauran ukun sai sun motsa. Sun kuma ja kunne cewa jituwar nan ba a gama ta rana ɗaya, domin kasuwa tana sauyawa, fasaha tana sauyawa, sai a yi ta gyara kamar mai tafiya da kaya a kan jaki.

A 2003 Nicholas Carr ya tayar da ƙura da ya ce kwamfuta ta zama kamar lantarki da layin dogo, kowa yana da ita, saboda haka mallakarta ba ta fifita kowa. Ko da yake an yi masa raddi ƙwarai, maganarsa ta ƙarfafa abin da aka riga aka gano, cewa bambancin yana wajen masu riƙo. Peter Weill da Jeanne Ross suka bi da nasu binciken a 2004, inda suka mai da hankali ga tambaya guda: wa ke da ikon yanke wace shawara, kuma wa za a tuhuma in ta ɓaci?

Inda Aka Saki Akala

Kada a ɗauka wannan muhawarar malamai ce kawai. A ranar 26 ga Oktoba 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin Landan ta kunna sabon tsarin kwamfuta na tura motoci. Nan da nan kira ya cunkushe, aka tura mota fiye da ɗaya wuri guda, wasu majinyata suka yi awoyi suna jira. Shugaban hukumar ya ajiye aiki, kuma cikin kwanaki kaɗan aka koma ga takarda da alƙalami. Kwamitin bincike na 1993 ya gano cewa an yi gaggawa, ba a gwada tsarin sosai ba, horon ma'aikata bai isa ba, kuma babu aminci tsakanin shugabanni da direbobi da masu amsa waya. Haka nan babban shirin kwamfuta na hukumar lafiya ta Ingila, wanda aka ƙaddamar a 2002 daga sama, ba tare da isasshiyar shawara da likitoci da asibitoci ba: a 2011 gwamnati ta ba da sanarwar wargaza shi, an kuma ƙiyasta kuɗinsa ya kai kusan fam biliyan 10.

Mu ma a nan gida muna da abin dubawa. Tsarin biyan albashi na bai ɗaya, IPPIS, wanda Gwamnatin Tarayya ta soma a 2007, yana da manufa bayyananniya, watau toshe kafar ma'aikatan bogi. Amma da aka zo shigar da jami'o'i sai ƙungiyar malamai ta ce an ɗinka rigar ne da awon ma'aikatun gwamnati, ba ta yi la'akari da malami mai ziyara ko mai hutun bincike ba. Batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin 2020, har a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, zai ga cewa an taɓa ginshiƙi ɗaya ba a duba sauran ba.

Kammalawa

Ya ku ma'aikata, wata rana fayil zai iso teburin ɗayanku yana neman a sayi sabon tsarin kwamfuta. Kafin ku sa hannu, ku nemi a gaya muku cikin harshen da kuka gane wane aiki ne na ma'aikatar zai gyaru, kuma da me za a auna gyaran. Ku tambaya ko an zauna da akawu da mai jinya da mai karɓar haraji da za su yi amfani da shi. Ku tambaya nawa aka ware domin horo da gyara bayan ɗan kwangila ya tafi, kuma sunan wa za a kira in abin ya tsaya. Ku kuma ɗalibai masu karatun kwamfuta, ku koyi yadda ake zama da masu aiki a saurare su, kamar yadda Caminer ya yi a gidajen shayi, domin shugaban da bai fahimci maganarku ba zai sa hannu ne a makance, ko kuwa ya ƙi sa hannu gaba ɗaya.